Ɗigon Fari a Hoton Mama: Ni da Masu Gardamar Rano da Kibiya

Mutanen Rano Autan Bawo, ku saurara. Na Kibiya, ku ma ku gyara zama, kada gobe ku ce an yi rabo ba da ku ba. Na san halinku sarai: ba a kawo muku magana ku karɓa da hannu biyu, sai kun juya ta, kun ƙwanƙwasa, kun tambayi wanda ya aiko ni da nawa aka biya ni. Ko kuɗin goro ba wanda ya ba ni. Maganar ta mata ce, amma na lura maza sun fi yawan baki a kanta, don haka kowa zai samu rabonsa.

Ga yadda abin yake faruwa. Mace ta haura arba'in, an tura ta birni a ɗauki hoton mamanta da na'urar da ake kira mamogram. Ta dawo da takarda, likita ya ce ya ga wasu ɗigo-ɗigon fari a hoton, wai sinadarin kalsiyam ne, irin wanda Allah ya gina ƙashi da haƙori da shi, ya taru a cikin naman mama. Kafin ta cire mayafi gida ya rabu biyu. Rabi sun fara salati da sharar hawaye, shi ke nan, sankara ce. Ɗaya rabin sun ja tsaki, likita ne ya ga 'yar ƙauye yana so ya tatse ta. Masu kukan da masu tsakin duk da ku nake, domin a wuri ɗaya kuka haɗu: babu wanda ya ce a koma a ji ƙarshen zance.

Gwaggo, da ke zan fara, girmanki ne. Na ji abin da kika ce, wai kanwa ce. Haihuwa tara, kowace da kunun kanwarta na kwana arba'in, ga farar ƙasar da ta riƙa ci da goyon ciki, ga kindirmo kullum, ina za su je in ba su taru a ƙirji ba? Allah ya ja kwana, Gwaggo, lissafin ya yi daɗi a kunne, sai dai jiki ba haka yake aiki ba. Kanwa dangin gishiri ce, babu ruwanta da wannan ɗigo. Madara da kindirmo suna da kalsiyam, gaskiya ne, amma abin da aka ci ba shi ke tafiya ya zauna a mama ba. Wadda ba ta taɓa kurɓar madara ba tana iya samun ɗigon, wadda ta tashi a ruga tana iya rasa shi. Kada ki yi guɗa da wuri dai, kanwarki tana da nata laifin a wata kotun: tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da gashin jego mai tsanani da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wannan shari'ar sai wata rana.

Daga cikin maman kansa ɗigon yake fitowa. Duk inda ƙwayoyin nama suka mutu, ko ruwa ya kwanta ya yi kauri a cikin hanyar da nono ke bi, jiki yakan bi wurin ya ajiye kalsiyam. Tsufa kaɗai yana kawo shi. Ƙurjin da aka yi fama da shi lokacin shayarwa shekara ashirin da suka wuce yana barin nasa, haka buguwar da aka manta da ita, da wurin tsohuwar tiyata, da ƙullutu marar illa da ya tsufa ya bushe, da jijiyar jini da ta yi tauri. Manya-manyan ɗigon, kusan rabin matan da suka wuce hamsin suna da su, a ƙasa da hamsin kuma kamar mace ɗaya cikin goma. Kin ga ke nan, Gwaggo, in aka ɗauki naki hoton yau ba mamaki a ga naki, kuma ga ki nan garau kina yi wa jikoki faɗa.

Sai dai sankara ma tana ajiye irin nata. Idan miyagun ƙwayoyi suka fara hayayyafa a cikin hanyar nono suka cunkushe ta, na tsakiya sukan rasa abinci su mutu, kalsiyam ya sauka a kansu. Ashe ɗigon sawu ne. Manomin Rurum ko na Saya-Saya da ya fita da sassafe ya ga sawu a bakin garkensa ba ya kurma ihu, ba ya kuma wucewa abinsa. Durƙusawa yake ya duba, na akuyar maƙwabci ne ko na kura. Sawu bai taɓa cin kowa ba, kuma yawanci na akuyar ne. Amma wanda ya ƙi durƙusawa don ya dogara da yawanci, ranar da aka samu na kura sai dai ya ƙirga abin da ya rage.

Malam na majalisar bakin tasha, na ga ka gyara hula, na san ka shirya. Cewa za ka yi: mace lafiyarta lau, tana daka tana surfe, ba ciwo ba ƙullutu, a ce tana ɗauke da cuta? Ai in da wani abu da ta ji a jikinta. To Malam, aiki ɗanka ɗan firamare ya kawo maka rularsa. Dubi ƙananan zanen nan da suka jeru a gefenta, tsakanin ɗaya da na kusa da shi milimita ɗaya ke nan. Raba shi biyu da ido in za ka iya. Ƙananan ɗigon da likitoci ke tsayawa a kansu, yawancinsu ba su wuce wannan rabin ba, kuma a binne suke cikin nama. Wane yatsa ne zai ji su? Ko wanzamin da ya gaji ƙaho tun kaka da kakanni ba shi da wannan hannu.

Nan ne ma amfaninsu yake. Akwai matakin da sankara take tsare a cikin hanyar nono, ba ta huda bango ta shiga nama ba, balle ta kai kaluluwar hammata. Likitoci suna ce masa mataki na sifiri. A wannan mataki yawanci babu ƙullutu, babu ciwo, babu komai sai ɗigon nan a hoto. A ƙasashen da ake kiran mata ɗaukar hoto a kai a kai, kusan ɗaya cikin biyar na sankarar da hoton ke ganowa irin wannan ce, kuma kusan duk wadda aka yi wa magani a nan ba ita ke zama ajalinta ba. Ƙullutun da kake jira a ji, Malam, kafin yatsa ya same shi ya daɗe yana girma, kuma a farkonsa yawanci ba ya ciwo. Hujjar da ka kawo don a zauna a gida, ita ce hujjar tafiya.

Kuma kada ka ce mini sabon salon cin kuɗi ne da aka ƙago bana. Tun 1913 wani likitan tiyata a birnin Balin na Jamus, Albert Salomon, ya ɗauki hoton naman mama kusan 3,000 da aka cire a tiyata, ya lura da ƙananan ɗigo a cikin masu sankara. A 1951 wani likitan hoto a ƙasar Yurugwai, Raúl Leborgne, ya bayyana su a jikin mata masu rai, ya ce sun yi kama da barbaɗin gishiri, ya same su a kusan uku cikin goma na sankarar da ya duba. A 1913 ko haɗe Arewa da Kudu ba a yi ba tukuna. In damfara ce, lallai ta yi tsawon rai.

Ku Ranawa ma bai kamata abin da zan faɗa ya ba ku wahala ba. Labarin Hausa Bakwai ya ba Kano da Rano sarautar baba, jikokin marina ne ku, masu bambance shuɗi da shuɗi inda baƙo yake ganin launi ɗaya. Haka likitan hoto yake da ɗigon fari. Abu biyu yake dubawa, siffarsu da zamansu. Babba mai dunƙule-dunƙule, wanda su da kansu suke kira mai kama da gugguru, tsohon ƙullutu ne da ya bushe. Layi biyu a jere suna bin juna, jijiyar jini ce. Mai zagaye da rami a tsakiya, kitse ne da ya mutu bayan buguwa. 'Yan mulmulallu da suka warwatsu a mama biyun baki ɗaya, su ma ba sa ɗaga masa hankali. Waɗanda ke sa shi ya jawo kujera su ne ƙanana ƙwarai, kowane da tasa siffar, wani a karye wani a lanƙwashe, sun yi cincirindo a wuri ɗaya, ko sun yi siririn layi mai rassa yana bin hanyar nono zuwa kan mama. In ya ga haka yakan ce a sake hoton, a ƙara wa wurin girma.

Daga nan sai ya rubuta lamba. Hajiya, ke da kika naɗe takardar kika cusa ƙarƙashin katifa, ɗauko ta ki duba can ƙasa, za ki ga an rubuta BI-RADS da lamba a gabansa. Tsari ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a farkon shekarun 1990, duniya ta ɗauka. Sifiri na nufin hoton bai wadatar ba, a ƙara wani. 1 babu komai. 2 an ga abu amma marar illa ne, ki koma harkarki. 3 kusan tabbas marar illa ne, yiwuwar sankara ba ta wuce biyu cikin ɗari ba, a sake hoto bayan wata shida. 4 akwai shakka, a ɗebi nama a gwada. 5 alamu sun yi ƙarfi ƙwarai. Ita lamba 4 nan ce ke raba gida, alhali ko cikin waɗanda aka ɗebi namansu saboda ɗigo, mafi yawa sakamakon yakan fito ba sankara ba ce. Masu kuka, kun yi asarar hawaye tun ba a yanke hukunci ba. Lamba 3 kuma ita ce ke ba masu tsaki ƙarfin gwiwa: ai likitan ma ya ce ba komai. Bai ce haka ba. Wata shida ya ce, kuma wata shidan likita ba irin "ina nan zuwa" na mai bashi ba ne. Ki ajiye tsohon hoton, ki tafi da shi, domin da shi za a gane ko ɗigon sun ƙaru ko suna nan yadda suke.

Na ji wata daga baya tana cewa ai an yi mata sikanin, an ce ba a ga komai ba. Yaya, wannan sikanin da ake shafa mai a goga, irin na masu juna biyu, yana da nasa aikin. Shi ke bambance ƙullutun ruwa da na nama, shi aka fi farawa da shi ga 'yan mata da masu shayarwa, waɗanda naman mamansu ke da kauri har mamogram ba ya gani sosai. Amma ƙananan ɗigon nan yawanci wuce shi suke yi. Kowace na'ura da idonta.

Yanzu ga babbar gardamar, wadda kowa ya haddace daga Rano har Tarai: daji ba ya son ƙarfe. Da an soka allura ya bazu, da an yanka ya fusata. Kowa yana da labarin wata da aka yi wa aiki ba ta kai shekara ba. Ban ƙaryata labarin ba, ni ma na ji irinsa. Tambayata ɗaya ce: yaushe aka kai ta? Bayan shekara guda ana shafe-shafe da hayaƙi, bayan an yi sakiya, bayan ƙullutu ya fashe yana wari, kaluluwa ta kumbura, sannan aka ɗauki shatar mota. Dajin ya riga ya bazu tun tana gida. Wuƙa ta zo a makare, sai aka ɗora mata laifin jinkiri. Gwajin da ake yi wa ɗigo kuwa ƙaramin abu ne. A kashe wurin da allura, na'urar hoto ta nuna wa likita daidai inda ɗigon suke, ya shigar da allura mai rami ya ɗebo 'yan siraran nama, a ɗauki hoton naman don a tabbatar ɗigon suna ciki, a manna filasta, ta koma gida ranar. Inda babu wannan na'ura, sai a sa siririyar waya ta nuna wurin, a cire ɗan yankin da ƙaramar tiyata. Dogon aikin yana ɗakin gwaji, inda ake yanka naman siriri a duba da madubin likita.

Ita kanta na'urar hoton, na san an ce muku tana matse mama har ta haifar da cutar. Matsewa kam tana yi, ban ɓoye muku ba. Mace ta tsaya a gabanta, a ɗora mama a kan faranti, wani farantin roba mai haske ya sauko ya danne, a ce ta riƙe numfashi, cikin 'yan daƙiƙu a sake ta. Sau biyu a kowane gefe, ɗaya daga sama ɗaya a karkace. Da ɗan zafi, amma wadda ta yi naƙuda tara a ɗaki ba za ta kawo mini ƙarar faranti ba. Hasken da ke ratsa ta kuwa bai wuce kwatankwacin wanda jikin kowa ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kamar mako bakwai ba, ko yana zaune a zaurensa. Abu ɗaya dai, 'yan kwalliya: ranar hoto ban da hoda a ƙirji, ban da man hammata mai hana gumi, ban da alimun. Burbushinsu yana fitowa a hoto fari fat, tamkar ɗigon gaske, ki jawo wa kanki lamba 4 saboda ƙamshi.

Inda kuke da gaskiya kuma zan ba ku abinku, kada ku ce na yi son kai. Malam ya ce duk wannan zancen birni ne. Da ƙamshin gaskiya a ciki. A Ingila tun 1988 gwamnati ke aika wa mata takardar gayyata, yanzu daga shekara 50 zuwa 70, duk shekara uku, kyauta. A Najeriya ba mai aiko wa kowa takarda. Matar Kibiya sai ta bar gona da yara, ta bi ta Rano da Bunkure ta faɗa titin Zariya, ta nufi Asibitin Malam Aminu Kano ko wani wurin hoto a birni, ta biya kuɗin mota da na hoto, in aka ce gwaji ta sake biya, in abin ya kai ga gashi da na'ura wataƙila sai Shika. Wannan nauyi ne na gaske, kuma wuyan hukuma ya kamata ya ɗauki mafi yawansa. Akwai kuma wata gaskiyar da likitoci da kansu suke muhawara a kai: ba duk sankarar mataki na sifiri ce za ta huda bango ba, wata za ta zauna a inda take har mai ita ta tsufa. Matsalar ita ce har yanzu babu gwajin da ke nuna tabbas wace ce za ta zauna, wace ce za ta fita, shi ya sa ake yi wa kusan duka magani. Ga makami na miƙa muku da hannuna. Sai dai kafin ku ɗaga shi ku saurari lissafi.

Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu da ita. Wato a duk biyu da suka kamu, ana binne ɗaya. A ƙasashe masu arziki, fiye da tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Bambancin ba na jini ba ne kawai, na lokaci ne da na samun magani: mafi yawan matanmu sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti, kuma da yawa ba su kai hamsin ba, suna da yara ƙanana. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 yana neman a gano aƙalla shida cikin goma tun a mataki na ɗaya ko na biyu, a kuma kammala bincike cikin kwana 60 da fara zuwa asibiti. Waɗanda ke kukan an yi musu magani fiye da kima suna can Turai. Mu namu kukan daban ne, Malam, kada ka ari zanin da ba naka ba.

Kuma wadda ba ta da halin hoto ba a ce ta naɗe hannu ba. Ƙullutu a mama ko a hammata, kan mama da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko ruwa da ke fita ba tare da shayarwa ba, fata da ta yi ƙofofi irin na ɓawon lemo, ƙurjin shayarwa da aka sha magani ya ƙi lafawa: ko ɗaya daga cikinsu ya isa a tashi zuwa babban asibitin Rano ko asibiti mafi kusa a wannan makon, su duba su tura gaba. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi cutar, ta faɗa wa likita tun bai tambaya ba. Doguwar shayarwar da kuke alfahari da ita tana rage haɗarin, binciken da aka haɗa daga ƙasashe 30 a 2002 ya nuna ragin kusan huɗu cikin ɗari a kowace shekarar shayarwa. Ragi aka ce, Gwaggo, ba a ce laya ba.

Saura maigida, wanda tun ɗazu yake gefe yana gyaran murya. Na san damuwarka, Alhaji: wa zai ga ƙirjin iyalinka? Ka tambaya a haɗa ta da ma'aikaciya mace, ana samu, kuma ka raka ta da kanka ka zauna a benci. Je ka tambayi limamin unguwarku hukuncin lalura, na yarda da abin da zai faɗa maka. Kuɗin da kake cewa babu, na ga buhunan shinkafar da ka ɗauko daga fadama bana, na kuma ji ana raɗe-raɗin ƙarin aure bayan salla. Ban ce komai ba, lissafi kawai nake.

Kai kuma Malam na bakin tasha da kake ƙyalƙyala dariya don an taɓa Alhaji, rage murya. Cikin kowane ɗari da ke kamuwa da sankarar mama, kusan ɗaya namiji ne, kuma maza sun fi makara wajen zuwa asibiti, don babu mai son a ji shi da ciwon mata. In ka ji wani tauri a bayan kan nonon nan naka da kake ganin ado ne kawai, layin ɗaya ne da na Hajiya, kuma farantin nan ba ya tambayar mai gemu ne ko marar gemu.